Honda S2000: Yadda Na Tantance Wata Ƙirar 2003, Daga Lambar Jiki Har Ƙarƙashin Murfin Bawul

Sharaɗin da na fara gindaya wa mai motar shi ne kada a tayar da ita kafin in iso. Injin S2000 in ya ɗau zafi yana rufa wa kansa asiri: ƙarar kaca ta lafa, hayaƙin farko ya wuce, sai ka ji komai sumul. Motar ƙirar 2003 ce ta kasuwar Amurka, ruwan azurfa, mil 61,000 a maleji, an kuma yanka mata kuɗi irin na wadda ba a taɓa wahalar da ita ba. Ina isa na ɗaga bonet na ɗora tafin hannu a kan jan murfin injin. Sanyi ƙalau. Daga nan aka fara aiki.

Sai ka san yadda aka haifi motar nan kafin ka san inda za ka haska tocila, domin kusan duk ciwon da ake samu a jikinta daga abin da ya ɗaukaka ta ya fito. A bajekolin motoci na Tokyo na 1995 Honda ta nuna wani samfuri mai suna SSM: kujeru biyu, buɗaɗɗen sama, inji a gaba, ƙarfi a tayoyin baya. Wancan samfurin silinda biyar gare shi. Wadda ta shiga kasuwar Japan a watan Afrilun 1999, jim kaɗan bayan kamfanin ya cika shekara 50, silinda huɗu aka ba ta, kuma Shigeru Uehara, injiniyan da ya jagoranci ƙera NSX, babbar motar gudu ta Honda, shi ya ja ragamar aikin. Sunan ma gado ne daga S500 da S600 da S800 na shekarun 1960, inda lambar ke nuna girman inji.

Injin, F20C, cc 1,997 ne, babu turbo, amma yana ba da ƙarfin doki 240 a Amurka da Turai, 250 a Japan inda aka ƙara masa matsi zuwa 11.7 maimakon 11.0. Doki 120 ke nan ko fiye daga kowace lita, bajintar da ya riƙe a tsakanin injinan kasuwa marasa turbo har sai da Ferrari 458 ta fito, shekara goma bayan haka. Da gudun juyi ya samo ƙarfin, ba da girma ba. Ƙololuwarsa tana wajen juyi 8,300 a minti, kuma gejin ya tafi har 9,000. Fistin yana tafiyar milimita 84 sama da ƙasa. In ka buga lissafi, a juyi 9,000 yana cin kimanin mita 25 a kowace daƙiƙa, gudun da aka fi sani a injinan tsere. Inji irin wannan yana da ƙarko matuƙa in an kula da shi, amma tazarar da ke tsakanin iyakar da aka tsara masa da inda ƙarfe ke sallamawa ba ta da faɗi kamar ta injin motar haya.

Takardu da lambobi na fara bi. Lambar jikin motar Amurka tana farawa da JHMAP1 in ƙirar farko ce, JHMAP2 in ta biyu ce, wato wadda aka gyara a 2004. Harafi na goma shi ne shekara, na sha ɗaya kuma masana'anta: T na nufin Takanezawa a Tochigi, inda aka ƙera ta kafaɗa da kafaɗa da NSX, S kuma Suzuka, inda aikin ya koma a 2004. Wannan ta nuna 3 da T, daidai da abin da ke takarda. Sannan na shiga farautar 'yan takardun liƙi masu ɗauke da lambar, waɗanda dokar Amurka ta hana satar mota ta sa ake mannawa a manyan sassan bodi. Goma ne: bonet, murfin but, ƙofofi biyu, fenda biyu na gaba, gefen baya biyu, da bamba gaba da baya. Na sami tara. Bamban gaba yana ɗauke da tambarin kayan canji, ba lambar motar ba. Bamba kaɗai ba ya tayar mini da hankali, don motar ƙasa-ƙasa ce, hancinta na gogar ƙasa a kowace gangara. Abin da nake son sani shi ne ko dukan ya wuce bamban. Na duba kan kusoshin da ke riƙe fenda, fentinsu bai fashe ba, alamar safana ba ta taɓa hawa kansu ba. Na bi ƙarafan casis biyu na gefen inji da tocila, babu lanƙwasa, babu sabuwar walda. Ma'aunin kaurin fenti ma ya ba da adadi kusan ɗaya a ko'ina. Masu tara motoci suna ƙirga takardun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma mai goma cur ta fi mai guda tara tsada ko da gyaran bai wuce na roba ba.

Baƙin mai na gaba. Sandar awon S2000 tana da yaudara, gefe ɗaya yakan kwaso mai daga bangon bututu ya nuna fiye da gaskiya, don haka a duba gefe biyu a ɗauki na ƙasa. Ƙirar farko tana shan mai, musamman in ana yawan kai ta sama, har wasu kan sha kusan lita a mil dubu ba tare da wani ciwo ba. Matsalar ba shan ba ce, mai motar da bai san tana sha ba shi ne matsala. Lita 4.8 take ɗauka in an canza har da filta, nau'in 10W-30. In ya ragu da lita biyu aka shiga doguwar kwana da gudu, man ya tattaru gefe guda, famfo ya zuƙi iska, to metal ɗin kuranshaf ne ke biyan bashin. Na tambayi mai motar sau nawa yake dubawa, ya buɗe but ya nuna mini galan ɗin ƙari da rabinsa ya tafi. Wannan ya fi mini rasit goma.

Sai tayarwa. A murɗa makulli, a taka kuloci, a danna jan maɓallin da ke hagun sitiyari. Na tsaya a gaban inji na sa mai motar ya danna. Abin da nake saurare shi ne wata ƙara kamar an soka kati a tsakanin wayoyin tayar keke, daga gaban injin. Wannan ita ce alamar tanshinan kaca ta saki. Injin da kaca yake aiki ba bel ba, kacar kuwa ba ta cika lalacewa ba, amma 'yar na'urar da ke ɗame ta tana gajiya. Gyaran ba wuya, kusoshi biyu ne daga waje. Na ji ƙarar kaɗan na daƙiƙa biyu ta ɓace, daga baya da inji ya yi zafi ta dawo sama-sama. Na rubuta ta a jerin abin da za a canza, ban ɗauke ta abin fasa ciniki ba. Wadda ke fasa ciniki daban take: ƙwanƙwasa mai nauyi daga bayan inji, wajen silinda ta huɗu, wadda ke bin juyin inji. Bangon silindar motar nan ba ƙarfen da aka saba ba ne, wani haɗi ne na alminiyom da zaruruwa masu tauri, kuma in ya karce ba kowane mai injin gundura ke iya gyara shi ba. Sau da yawa sai dai a nemi wani bulok, sababbi kuwa sun yi wuya.

Tuƙin gwaji ya ɗauke ni minti arba'in. Ba a matsa mata sai gejin zafi ya nuna sanda uku, kafin nan kwamfutar ma ba ta barin VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul a babban juyi, ya shiga. Ƙasa da juyi 6,000 motar ba ta da wani abin a zo a gani, ƙarfin murɗarta Nm 208 ne kacal, shi ma sai a juyi 7,500 yake cika. Daga wajen 6,000 sai kam, sandar da ke buɗe bawul, ya koma babban tudu, murya ta canza, ta ja har ƙarshen geji ba tare da shaƙewa ba. In ta yi tuntuɓe a nan, a fara zargin ƙarancin mai ko toshewar 'yar ragar da ke tace man VTEC. Giyar guda shida ce ta hannu, ba a taɓa yin mai canza kanta ba, kuma tazarar sandar gajera ce ƙwarai. Na gwada daga ɗaya zuwa biyu a babban juyi, inda gajiyayyen giyabos ke fara gurzawa. Ta shiga lafiya. A hanya madaidaiciya na taka totur a giya ta huɗu ina jiran karkarwa daga baya, wadda ke nuna kofunan shaf na ciki sun yi rami, abin da ya fi samun motocin da aka rage wa tsayi. Babu. Amma da na tashi daga tsaye, gaba sannan ribas, na ji "ƙas" sau ɗaya daga tayar baya ta dama. Notin shaf ne ya yi sako-sako. Ana kwance shi da soket 36, a shafa giris a fuskarsa, a sake ɗaurewa da ƙarfi fiye da na farko. In an bar shi, boris ɗin tayar da hob ɗin za su tafi tare.

Tayoyi suna da nasu labarin. Ƙirar farko ta zo da rim inci 16, 205/55 a gaba, 225/50 a baya, Bridgestone S-02 da aka yi wa motar musamman. Waccan 225 ɗin ta fi sauran masu lambarta faɗi, ta kusa kai 245. Mutane da yawa sun sayi 225 ta gama-gari suka sa, bayan motar ya rasa riƙo, sunan da ta yi na mai juyawa da direba ba gargaɗi ya ƙara bazuwa. Ba wai sunan ƙarya ba ne gaba ɗaya. Inji yana zaune a bayan layin tayoyin gaba, nauyi ya rabu rabi da rabi, kuma a ƙirar farko tayoyin baya suna ɗan canza saiti yayin da mota ke kwantawa a kwana. In ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, baya zai nemi wuce gaba, kuma babu wata na'urar da za ta cece ka.

Wannan ne ya haifar da gyaran 2004, wanda ake kira AP2: rim inci 17 da 215/45 gaba da 245/40 baya, an sake tsarin hannuwan baya, an sassauta sifirin baya, an sa wa giya zobban kabon. A Amurka an tsawaita tafiyar fistin zuwa milimita 90.7, inji ya koma cc 2,157, ƙarfin murɗa ya hau Nm 220, iyakar juyi ta sauko 8,000. Dole ta sauko, don da wannan tsawon a 9,000 fistin zai haura mita 27 a daƙiƙa. Japan ta karɓi babban injin a ƙarshen 2005, Turai kuwa ta zauna da mai lita biyu har ƙarshe. A 2006 aka cire wayar totur aka koma na lantarki, aka ƙara na'urar hana zamewa. A ganina AP2 ta fi zama motar hawa, amma wanda ke neman abin da ba za a sake ƙerawa ba, lamba 9 da ke ƙarshen geji yake nema.

Da muka dawo aka ɗaga ta sama. Tsatsa tana farawa daga leɓen fendar baya, ƙarƙashin robar da ke rufe shi tana tara laka. Wannan tsaf take. Abin da ke cin kuɗi a motocin ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, irin su Birtaniya da arewacin Amurka, shi ne kusoshin saitin taya da ke maƙalewa a cikin bushin. Daga waje ba ka ganin komai, sai ranar da aka je saiti a tarar kusa ta zama ɗaya da bushin, sai an yanka da zarto an sayi sabon hannu. Na sa safana a kan kowanne na motsa shi kaɗan na mayar. Duk sun juya. Na leƙa saman fedar kuloci da tocila, akwai danshin mai a sandar masta, wato famfon man kuloci, shi ma ya shiga jeri. Rufin tamfol na lantarki ne, daƙiƙa shida ya buɗe. Daga 2002 gilashi ne a bayansa maimakon robar da ke dushewa ta yi rawaya. Yagewarsa daga ciki take farawa, a saman kafaɗar direba da fasinja, inda ƙarfen firam ke gogarsa in robobin da ke jansa sun saki. Na shafa wurin da yatsa, ya yi siriri amma bai huje ba.

Zuwa nan duk wanda ya ga motar zai ce a biya kawai. Awon matsin silinda ma ya yi kyau: da inji mai ɗumi, fulogi huɗu a waje, totur a buɗe, na sami 228, 225, 230 da 226 a ma'aunin psi. Ba yawan adadin ne abin dubawa ba, tunda geji ya bambanta da geji, kusancinsu da juna ne. Amma akwai ciwon da awon matsi ba ya nunawa, shi ya sa na nemi a bar motar ta kwana ta huce, washegari a buɗe murfin bawul.

Ga yadda ciwon ke samuwa. Direba yana giya ta uku ya kai juyi 8,800, ya ja sanda zai shiga ta huɗu, hannu ya karkata ya faɗa ta biyu. Ratar giya ta biyu 2.045 ce, ta uku 1.481, wato da ya saki kuloci tayoyi za su tilasta wa inji juyi sama da 12,000. Kwamfuta ba ta da ta cewa a nan, mai kawai take iya yankewa, alhali tayoyi ne ke jan inji. In abin ya yi muni bawul ya lanƙwashe nan take, wannan kowa zai gani. In an yi saurin taka kuloci, mota ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba, amma 'yan fayafayan da ke riƙe sifirin bawul, waɗanda makanikai ke kira ritena, sun tsage daga ƙasa. Tsagar tana buɗewa a hankali, wata da watanni, har ranar da bawul zai suɓuce ya faɗa kan fistin. Shi ke nan inji ya tashi aiki.

Buɗewar ba ta da wuya: a cire kwayil huɗu, a zare wayoyin sansa na bayan murfin, a kwance notocin, a ɗaga. Bawul 16 ne, takwas na shigar iska su ne abin dubawa, don sun fi girma da nauyi. Ba tsagar kake nema ba, ba ta ganuwa daga sama. Ka dubi 'yan makullai biyu da ke rungume da kan sandar bawul a tsakiyar kowace ritena. A lafiyayya suna kusan daidai da fuskar ritenar. A tsagaggiya sun nutse ciki, kamar an danna su da yatsa. Sai an juya inji da hannu ana leƙawa ta gefen roka da ƙaramin madubi. Shida sun zauna daidai. Biyu na silinda ta uku sun nutse, ɗaya har ba ka buƙatar madubi. Mai motar ya ce shi bai taɓa kuskuren giya ba, kuma ba mamaki gaskiya ya faɗa, tunda shi ne na uku da ya mallake ta.

An rage kuɗin gyara daga farashi, aka yi aikin ba tare da sauke kan inji ba. Ana kawo fistin sama, a cika silinda da iska ta ramin fulogi don ta tokare bawul, a danne sifiri, a zare makullan da maganaɗisu. A toshe ramukan komawar mai da tsumma tukuna, don makulli ɗaya in ya faɗa ciki sai an kwance tukunyar mai. Ritenar AP2 ta fi kauri, ita ake sawa a duka takwas na shigar iska tare da nata makullan, ba a haɗa sabuwar ritena da tsohon makulli. Da na juya tsohuwar a tafin hannu, tsagar ta ratsa daga rami har kusan baki. Bayan nan saitin bawul, inji a sanyaye: milimita 0.21 zuwa 0.25 a shiga, 0.25 zuwa 0.29 a fita. Na fi son na fita ya zauna a sama-saman adadin, domin da tafiya matsewa yake yi ba sakewa ba, bawul da ya matse kuma ƙonewa yake. Motocin 2006 zuwa sama sun fi shahara da wannan.

Batun daraja kuwa, S2000 ba ta cikin motocin da suka yi ƙaranci tun asali. An ƙera sama da 110,000 kafin a rufe layin a 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, fiye da rabinsu kuma Amurka suka tafi, inda aka fara sayar da ita wajen dala 32,000. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wadda ta tsira. Shekaru da dama tana da araha, matasa suka saye, aka sa turbo, aka yanke fenda, aka kai filin tsere, wasu suka ƙare a jikin shinge. Honda kuma ba ta yi mata magajiya ba. A 2020 dai ta nuna wata da aka yi wa kwalliyar cika shekara 20 a bajekolin Tokyo Auto Salon, ta kuma fitar da 'yan kayan ƙari, iyakarta ke nan.

A saman kasuwa akwai ƙira ta musamman mai suna CR, ta Amurka kaɗai, 2008 da 2009, guda 699. An cire mata rufin tamfol aka sa ƙarafan ƙarfafa jiki a gurbinsa, aka ba ta rufin alminiyom mai cirewa, babban fiffike a baya, taya 255 a baya, babu safaya, na'urar sanyi da rediyo kuma sai wanda ya nema. A lokacin da ƙyar dillalai suka sayar da su. A 2022 wata mai mil 123 kacal ta kai dala 200,000 a gwanjon intanet. Japan tana da Type S mai kama da ita amma da rufin tamfol, da kuma Type V ta 2000 mai sitiyarin da ke canza kaifinsa gwargwadon gudu. Birtaniya ta rufe da GT Edition 100, farare masu jan kujeru, guda ɗari. Dokar Amurka da ke barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ta buɗe wa ƙirar Japan ta 1999 ƙofa a 2024, masu doki 250 ke nan da sitiyari a dama. CR ta jabu ma tana yawo, tunda fiffike da leɓen bamba ana saye a ɗaura, don haka a bi lambar jiki a tabbatar, a kuma leƙa bayan kujeru a ga ko akwai ƙarafan ko kuwa injin naɗe rufi ne ke ɓoye a wurin.

A kan mota ta gama-gari irin wannan, ƙananan abubuwa ne ke ɗaga ta ko su sauke ta: akwatin iska na asali da salansar asali, rim ɗin da ta fito da su, rediyon da ke bayan 'yar ƙofarsa, kujerun da ba a canza ba, don ɓarayi sun daɗe suna yanka rufi saboda su. Wannan an sa mata bututun iska na kasuwa, amma akwatin asalin yana nan a ajiye, na mayar da shi. Tanshina da masta an canza, giyabos ya sha sabon mai wajen lita ɗaya da rabi, aksul ɗin baya kuma ƙasa da lita ɗaya na SAE 90. Tsofaffin ritena takwas na zuba a leda, na rubuta kwanan wata da maleji a jiki, na haɗa da hotunan makullan kafin gyara da bayansa a cikin fayil ɗin motar. Bayan mil dubu na farko na zaro sandar awon mai, gefen da ya fi ƙasa ya nuna ta sha kusan rabin lita, na cika mata.